Hattara da mai sayar da ɗan USB wai yana kamo DStv kyauta a laftop

Jama'a don Allah ku buɗe ido, ni dai an riga an ci kuɗina, ba na so wani ya faɗa ramin nan. Wani bawan Allah ne yake ta yaɗa bidiyo a Facebook da WhatsApp, ya jona wani ɗan abu kamar filash a jikin laftop sai ga ƙwallon Firimiya tana fitowa tar, wai ba dish, ba data, ba biyan kuɗin wata har abada. Kwaɗayi ya ja ni na tura masa dubu 18, ya sako min kayan a mota, kuɗin direba ma ni na biya a tasha.

Da na buɗe kwalin, ɗan USB ne da wata 'yar eriya da tsawonta bai fi tsinken tsire ba, sai faifan CD, ni kuwa laftop ɗina ko wurin sa CD babu. Da ƙyar na samo manhajar a intanet na saka, na yi sacin, wato neman tashoshi, ya fi sau goma, a ɗaki, a tsakar gida, har kan katanga na hau da laftop a hannu yara suna ta kallona, amma tasha ko ɗaya. Na kira shi ya ce ai sai na ƙara dubu 7 ya turo min lambar buɗewa. A nan jikina ya yi sanyi.

Sai na kai wa yaron da yake haɗa mana dish a unguwa, yana juya kwalin ya fashe da dariya ya ce "Yallaɓai karanta nan", an rubuta DVB-T. Ya ce wannan tsohon tsarin kama talbijin ta eriya ne, mu a Najeriya DVB-T2 ake amfani da shi, shi aka ƙaddamar a Jos a 2016, kuma na'urar DVB-T ba ta iya karanta siginar T2 ko da a gindin turken gidan talbijin ka zauna. Ko T2 ɗin ka samu, yawancin tashoshin GOtv da StarTimes a kulle suke, sai da dikodarsu da biyan kuɗi.

Shi kuwa DStv ta tauraron ɗan Adam yake zuwa, wato DVB-S2, dole sai da dish da LNB (ɗan abin nan da ake ɗaurawa a gaban dish) da waya, kuma LNB ɗin wuta yake buƙata volt 13 ko 18, USB kuwa 5 yake bayarwa, shi ya sa na'urorin S2 na gaskiya da ake haɗawa da kwamfuta suke zuwa da nasu adafta. Su ma na gaskiyar tashoshin kyauta kaɗai suke nunawa, irin na taurarin Nilesat da Arabsat. Bidiyon da ya ruɗe ni kuwa, cewar yaron, ƙila ta intanet mutumin ya kunna wasan kawai ya maƙala USB ɗin a gefe.

Duk mai son saye ya duba T2 ko S2 a jikin kwalin, ya je shago a gwada masa a gabansa kafin ya zaro ko sisi. Ni da na nemi ya dawo min da kuɗina nan take ya yi bulokin ɗina, jiya kuma na ga bidiyon dai a wani shafi da sabon suna da sabuwar lamba. Abin yana nan a durowa, yana dai kama FM, rediyon dubu 18 ke nan.