Wata huɗu da ƙunshin Shalai a teburinmu na Kabuga

Ranar da ɗan ƙanin babana ya dawo hutu daga Ingila ya miƙo mini ɗan kwalin da na yi wata biyu ina jira, Hajiyarmu na zaune a falo. Na buɗe, ta leƙa, ta ga katuna. Ba ta ce uffan ba sai da ya fita, sannan ta ce, "Yanzu kai da girmanka karta ka koma?" Na fi minti goma ina rantse mata cewa ko sisi ba a zubawa, wasan lissafi ne kamar dara. Ta ce Allah ya kyauta, irin faɗar da ba ta nuna an gamsu ba.

Katunan Magic: The Gathering ne, wasan da masanin lissafin nan ɗan Amurka, Richard Garfield, ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. Salon da muke bugawa shi ne Commander, wanda 'yan wasa da kansu suka ƙago kafin kamfanin ya fara sayar da ƙunshinsa haɗaɗɗe a 2011. Mutum huɗu ne a tebur, kowa da ƙunshin kati 100, kuma ban da filayen asali, wato katunan da ke samar da abin da ake biyan sauran katuna da shi, ba a yarda ka sa kati iri ɗaya sau biyu ba. Kowa na farawa da rai 40. Cikin ɗarin nan akwai halitta guda, kwamanda, tana ajiye a gefe kana kiranta duk lokacin da ka iya biya, kuma launinta ne ke yanke launin katunan da za ka iya sakawa. Abin da ake biyan kati da shi suna ce masa mana, kalmar da ta zo ta yi karo da tamu, har wani ya taɓa cewa "ba ni mana mana". Da muka gaji sai muka koma ce masa caji.

Mu huɗu muke haɗuwa daren Asabar bayan Isha'i, a zauren wani abokinmu a Kabuga. Shekara guda na yi ina aron ƙunshi ina shan kashi, sai na ce bari in haɗa nawa. Na zaɓi kombo, wato haɗin kati biyu ko uku masu jan juna ba iyaka, kuma na sa wa kaina sharaɗi ɗaya: duk ginshiƙan haɗin su zama halittu. Wannan sharhin na abin da na saya ne, da yadda ya yi mini aiki.

Ban sayi fakitin da ake buɗewa a ga abin da rabo ya kawo ba. Ba na son sayen kifi a ruwa, kuma da Hajiya ta ga wannan, da maganarta ta fito. Ɗai-ɗai na sayi katunan a wani shagon intanet na can, aka kai gidan ƙanin nawa. Kafin nan sai da na buga duka ɗarin a takarda a wani shagon buga takardu da ke hanyar tsohuwar Jami'ar Bayero, na yanka da almakashi, muka yi mako uku muna gwadawa da yardar abokai. Wannan gwajin ya cire mini kati wajen goma sha biyar da na so in saya, waɗanda da sun zo sun zauna a kwali.

Kwamandata ita ce Shalai, Voice of Plenty, wadda ta fito a 2018. Caji huɗu ake biya, tana tashi sama, kuma muddin tana filin wasa abokan hamayya ba su iya auna ka ko sauran halittunka da kati. Sannan in ka biya caji shida, biyu daga ciki kore, duk halittunka su sami alamar ƙarin ƙarfi. Ita fara ce, amma saboda wannan koren ne launinta ya zama fari da kore, kuma kore shi ne gidan halittu a wasan.

Zuciyar ƙunshin kati biyu ne masu caji bibbiyu. Devoted Druid, ta 2008, in ka kwantar da ita, wato ka juya katin a gicciye, tana ba ka caji kore ɗaya, kuma kana iya ɗora mata alamar rauni ta miƙe ka sake kwantar da ita. Ita kaɗai ba ta nisa, domin juriyarta biyu ce, alama ta biyu mutuwarta ce. Sai Vizier of Remedies, ta 2017, wadda ke cewa duk lokacin da za a ɗora wa halittarka alamar rauni, a rage ɗaya daga yawansu. Ɗaya a cire ɗaya, ba komai. Druid ta kwanta, ta miƙe kyauta, ta sake kwanta, caji ya yi ta zuba har inda ka ce ya tsaya. Daga nan sai inda za ka kashe shi. Shalai na iya kumbura halittunka su kai duk girman da kake so, amma ƙaton da ba ya iya ratsa mai tsaro, ɗan ƙaramin soja ma tare shi yake yi. Mai gama aiki shi ne Walking Ballista: ka loda masa alamu iya son ranka, ka riƙa cire ɗaya-ɗaya kana harbin kowa, mutum uku su faɗi a zagaye guda.

A takarda abin kamar shan ruwa. Lissafi kuwa ya ce ba haka ba. Kati 99 ne a tulin da kake ɗiba, a zagaye na uku ka ga goma kacal, kuma damar Druid da Vizier su zo tare cikin goman nan ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Don haka rabin aikin haɗa ƙunshin na 'yan aike ne, katunan da ke shiga tuli su zaƙulo maka abin da kake so. A nan ne na ga ribar sharaɗin da na sa wa kaina, domin kore da fari cike suke da masu neman halitta. Amma kowane ɗan aike da halinsa, kuma sai da na sha kunya na haddace su. Green Sun's Zenith kore kawai take kawowa, za ta ɗauko Druid, ba za ta ɗauko Vizier ba saboda ita fara ce. Chord of Calling na ɗauko kowa, kana ma iya kwantar da halittunka su taya ka biya, kuma ana buga ta a zagayen wani, amma kada ka aike ta Ballista. Kai tsaye take sauke shi fili ba alama ko ɗaya a jikinsa, nan take ya mutu. Na yi wannan sau ɗaya, da caji mara iyaka a hannuna, mai masaukinmu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Shi Ballista sai Eladamri's Call, wadda ke kawo kati hannu ka biya da kanka.

Katin da ya fi burge ni duk ƙunshin ba ya cikin masu tsada: Duskwatch Recruiter. Caji uku ka duba kati uku na saman tuli, ka ɗauki halitta ɗaya. A ranar da ba komai, yana cika maka hannu a hankali. A ranar da Druid ke zuba, yana tone tulin kaf har ya kai ga Ballista. Wanda aljihunsa bai da nauyi ya fara da shi.

Kuskuren da ya ci mini kuɗi kuwa Melira, Sylvok Outcast ce. Ta zo mini a rai bayan an gama gwajin takarda, na ƙara ta a oda ba tare da na gwada ba, a zatona madadin Vizier ce tunda tana hana ɗora alamar rauni. Ashe hanawar ce matsalar. Ɗora alamar shi ne kuɗin da Druid ke biya ta miƙe. Vizier na barin ka biya, ta mayar da kuɗin sifili. Melira kuwa rufe ƙofar biyan take yi gaba ɗaya, Druid ta kwanta ba tashi. Ban jefar da ita ba dai, domin tana aiki a hanya ta biyu: Kitchen Finks, halittar da ke ba ka rai biyu in ta sauka, kuma in ta mutu tana dawowa da alamar rauni. In Melira ko Vizier na fili, tsaf take dawowa, sai ka sa Ashnod's Altar ya yi ta yanka ta, rai da caji su yi ta hawa. Shi Altar ne kaɗai ginshiƙin da ba halitta ba, na karya sharaɗina a kansa ban kuma yi nadama ba.

Wani abin da sabon shiga ke mantawa shi ne baƙunta. Halittar da ta sauko yanzu ba ta kai hari, ba a kuma kwantar da ita don aiki sai ta kwana zagaye guda a wurinka. Druid ce za ta fara sauka, ta jira, sannan Vizier ta biyo. Wannan kwanan shi ne raunin ƙunshin, domin duk wanda ya san wasan, da ya ga Druid ya san abin da ke tafe.

Halitta kuma ita ce abin da ya fi saurin mutuwa a Magic. Kariyar Shalai ba ta rufe ita kanta ba, Swords to Plowshares mai caji ɗaya ta isa ta kawar da ita, kuma duk dawowa ana ƙara caji biyu: huɗu, shida, takwas. Katin shara irin Wrath of God ba ya nuna kowa, kowa yake kwashewa, don haka kariyar ba ta hana shi. Heroic Intervention na tare wannan, amma akwai mai baƙin ƙunshi a cikinmu da ke riƙe Toxic Deluge, wadda rage juriya take yi ba rusawa ba, ita kam ba magani. Na koyi kada in zazzage hannuna duka a fili, in kuma ajiye Eternal Witness don ɗauko abin da ya tafi maƙabarta. Duk da haka ban taɓa zama ina kallon mutane ba. Katin fili 36 na sa, halittu sun haura 30, kuma ko haɗin bai zo ba akwai Llanowar Elves da 'yan uwansa suna tara caji, Shalai na kumbura su, ana gwabzawa. Mai kombon da ba halitta ba in aka karya shi ya zama ɗan kallo. Ni in aka karya ni, ina da rundunar da zan koma wa. Wannan shi ne babban dalilin da zan ce kuɗina bai tafi a banza ba.

Rigar kati dole ce a garin nan, musamman da hunturu, ƙura na shiga ko'ina. Girman katin Magic milimita 63 ne da 88. Ni da rawar kai na sayo riguna masu ƙaramin girma, na wani wasan daban, kati ya ƙi shiga. Na biyun da na samu masu araha ne, kafin wata guda bakinsu ya fara tsagewa wajen gauraya. Ku sayi masu kauri tun farko.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a jikin kowane kati ba. A dare na uku da ƙunshin ya iso, komai ya zo mini a jere. Druid a zagaye na biyu, Shalai a na uku, a na huɗu na sauke Vizier, na biya Eladamri's Call, Ballista ya sauka. Ko minti ashirin ba mu yi ba. Mai masaukinmu bai gama zuba shayin farko ba. Na ɗaga kai ina jiran tafi, na ga kowa na tattara katinsa shiru. Wanda ke zuwa daga Hotoro ya kalle ni ya ce, "Haba mutumina, adaidaita biyu na hau kafin in zo nan, fili uku kawai na ajiye." Yana murmushi ya faɗa, amma a wasa na gaba su ukun suka haɗe mini kai tun daga zagayen farko, haka kuma mako biyu a jere. Da na sauke Elves ma sai an kashe shi.

Masu wasan ma sun san da wannan rigimar. A 2025 aka fito da matakai biyar na auna ƙarfin ƙunshi, don mutane su yi magana kafin a raba kati, kuma haɗin kati biyu mai gama wasa da wuri ba na ƙananan matakan ba ne. Abokaina ƙunshin da aka sayo haɗaɗɗe suke bugawa, da 'yan gyare-gyare. Na shigo musu da babur cikin tseren keke.

Ga wanda zai saya, in teburinku na masu son gwada ƙwanji ne, ku haɗa shi yadda na zayyana, ku ƙara 'yan aike. In kuwa hira da shayi ne rabin abin da ya tara ku, ƙunshin zai yi muku daɗi, amma ku rage masa kaifi. Ni yanzu Vizier na zaune a aljihun gaban rigata, wata halitta mara fitina na riƙe mata wuri, kuma kafin a gauraya nakan tambaya, "Yau a sa ta ko a bar ta?"

Asabar ɗin da ta wuce mutumin Hotoro ne ya fara amsawa. "Sa ta, Alhaji, sa ta." Na sa. A zagaye na biyar Druid ta kwana, Shalai na tsaye, na sauke Vizier. Kafin ta taɓa tabarma ya kwantar da farin fili ɗaya ya cire Shalai da Swords to Plowshares, na kusa da shi ya bi Druid da nasa katin. Ashe tun a hanya suka shirya. Wasan ya kai mu sha ɗaya da rabi, aka ɗauke wuta muka ƙarasa da fitilar waya, kuma mai masaukinmu ne ya cinye, shi da bai kashe wa kowa komai ba duk daren.