Kafin ka zuba kuɗinka a sabuwar takardar lamuni ta kasuwar duniya

Jama'a, duk mai son sayen takardar lamuni, wato takardar da gwamnati ko kamfani ke sayarwa don cin bashi, ranar da aka fitar da ita, to ya fara koyon yaren 'yan kasuwar, don da yaren ake cutar mutane. Ni dai sukuk, wato takardar lamuni irin ta Musulunci, nake so, musamman na ijara, kuma ba zan ɓoye ba. Ba kuɗin ruwa ake ba ka ba, kadara ce ake ba da hayarta, a riƙa biyanka kuɗin haya, in wa'adi ya cika a dawo maka da uwar kuɗi. Malesiya ta fitar da na dala miliyan 600 a 2002, Birtaniya ma ta yi na fam miliyan 200 a 2014. Amma ka karanta furosfektus, wato kundin sharuɗɗan, domin a yawancinsu in mai bashin ya gaza biya ba za ka iya riƙe kadarar ba, shi ɗin za ka bi.

Yurobon kuwa, wato takardar lamunin da ake sayarwa a wajen ƙasar da ke da kuɗin da aka fitar da ita da su, tun na kamfanin hanyoyin Italiya Autostrade a 1963, kupon ɗinsa, wato abin da ake biyanka lokaci-lokaci, ruwa ne zalla.

Abin da ya taɓa ƙona ni shi ne sharaɗin fansa da wuri, na saya ina lissafin shekara goma, kuɗin ruwa na faɗuwa a kasuwa, waɗanda suka fitar da takardar suka dawo min da kuɗina suka je suka ci bashi mai araha, tun ranar wannan layin nake fara nema. Kuma ribar da bankunan da ke jagorantar fitarwar suka fara ambata da safe ba ita ce ta ƙarshe ba, in masu oda suka yi yawa sai su rage ta.

Sai 'yan damfara. Wani zai zo ma da takardu masu tambari, wai manyan bankuna na cinikin takardu a asirce, riba ninki biyu a wata. Wallahi babu wannan kasuwar! Ka ce ya ba ka lambar ISIN, wato lambar shaidar takardar, harufa da lambobi 12 ce, waɗanda ke ajiye a Euroclear ko Clearstream, manyan ma'ajiyun irin waɗannan takardu, galibi da XS suke farawa, ka bincika da kanka. Mafi ƙarancin saye sau da yawa dala 200,000 ne, wanda ya ce zai yanka maka na dala 500 ka tura kuɗin asusunsa, kada ka sake ɗaga wayarsa.