Sharhi kan taswirar earth.nullschool.net: sawun sanyi a bayan mahaukaciyar guguwa

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare da ke Agege, kuma babu darasin da ya fi ba ni wuya kamar na mahaukaciyar guguwar teku, domin ɗalibaina ba su taɓa ganin irinta ba. Legas tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda juyawar ƙasa ba ta da ƙarfin murɗa iska sosai, saboda haka guguwar da ake jin labarinta a Amurka sau da yawa can yamma da Sanigal take ƙulluwa, ta nufi wancan ƙetaren. Wannan ne ya kai ni ga taswirar earth.nullschool.net, wadda Cameron Beccario ya ƙirƙira a 2013. Kyauta ce, ba a buƙatar rajista, kuma tana buɗewa a waya ko kwamfuta.

Kyawun zanen iskar da ke yawo a kanta ya isa ya tsayar da mutum, amma abin da ya sa nake yaba ta shi ne sashen teku. Akwai zaɓin da ke nuna zafin saman ruwa, akwai kuma wanda ke nuna yadda zafin ya saɓa wa abin da aka saba a wannan lokaci na shekara, sannan ana iya komawa kwanakin baya. Idan aka duba wuri kafin guguwa, aka sake duba shi bayan ta wuce, sau da yawa sai a ga wani dogon sawu mai sanyi ya biyo bayanta. Duk wanda ya yi wanka a kududdufi da tsakar rana ya san sama ɗumi ne, ƙasa kuwa sanyi. Haka teku take: iska tana dama ruwan, tana kuma janyo na ƙasa ya taso, har saman ya ragu da digiri 1 zuwa 6, kuma a arewacin duniya sanyin ya fi yawa ta hannun daman hanyar guguwar.

A nan ne girman guguwa yake shigowa, wanda mutane kan manta da shi su riƙa tambayar ƙarfin iska kaɗai. Yaro ɗaya ya faɗa kududdufi ba daidai yake da garken shanu ba. Guguwa mai faɗi tana dama fili mai yawa, kuma kowane wuri yakan daɗe a ƙarƙashin iskarta kafin ta gifta, don haka sawunta ya fi faɗi, ya kuma fi sanyi. Bambancin girman ba ƙarami ba ne: guguwar Tip ta 1979 ta kai faɗin kusan kilomita 2,200, alhali iskar Tracy, wadda ta rusa birnin Darwin na Ostareliya a 1974, ba ta wuce kimanin kilomita 50 daga tsakiyarta ba. Tafiyar hawainiya ma tana yin irin wannan aiki, kamar yadda Dorian ta yi a 2019 sa'ad da ta toge a kan tsibiran Bahamas, ta sanyaya ruwan da ke ciyar da ita har ta yi rauni, tun da guguwa tana son ruwan da ya kai digiri 26 zuwa sama.

Sai dai taswirar ba ta yi wa mutum bayani. Maɓallanta gajerun haruffa ne irin su SST (zafin saman ruwa) da SSTA (saɓawar zafin daga yadda aka saba), kuma ba ta faɗin girman guguwa da alƙaluma, ido ne zai kimanta, ko da yake idan aka taɓa wuri tana nuna zafinsa. Ɗalibi shi kaɗai zai iya ruɗewa, saboda haka gara malami yana kusa.

Da muka juya ta zuwa gaɓarmu a watan Agusta, ɗalibaina sun ga ruwan mashigin Gini ya yi sanyi ba tare da wata guguwa ba, domin daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙarƙashin teku yakan taso da kansa, abin da ke da hannu a tsagaitawar ruwan sama da Legas ke gani a lokacin. Wani daga cikinsu ya ce, "Malam, ashe sanyin da muke ji daga ƙarƙashin teku yake fitowa."