Sanda ko Woka: Wacce Za a Saya wa Hajiya?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kin ce ta haura shekara 70, gwiwarta ta dama na damun ta, kwanan baya kuma ta zame a hanyar banɗaki da asuba. Yanzu kin rasa wacce za ki saya, sandar dogarawa ko ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake kira woka. Kin kyauta da kika tashi tsaye tun yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 duk shekara, kuma waɗanda suka wuce 60 ne suka fi yawa a ciki.

Kafin ki nufi kasuwa, ki zauna ki kalli tafiyarta ba tare da ta sani ba. In ƙafa ɗaya ce ke ciwo, tana ɗingishi amma jikinta a tsaye yake, sanda ta ishe ta. In kuwa tangaɗi take, tana bin bango, ta dafa kujera ta dafa ƙyaure kafin ta kai ƙofa, ko ƙafafun biyu duk sun yi sanyi, to sanda ba za ta riƙe ta ba. Nauyin da sanda ke ɗauke wa mutum bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, woka kuwa takan kai kusan rabi. Akwai gwajin da ma'aikatan lafiya ke yi: ta tashi daga kujera, ta taka mita 3, ta juyo ta zauna. In ta ci daƙiƙa 12 ko fiye, tana cikin haɗarin sake faɗuwa. Ki tsaya kusa da ita in za ki gwada.

Sai dai gidan ma yana da ta cewa. Woka daɓe mai laushi take so, da ƙofa mai faɗi. Gidajenmu kuwa ga dokin ƙofa, ga kwata ta ratsa tsakar gida, wani wurin yashi, wani wurin siminti ya farfashe. Mai taya nutsewa take a yashi, marar taya kuma sai an ɗaga ta a kowane taku, abin da ke gajiyar da mai raunin hannu. Matakala ma ba a hawa da ita sam. Ga shi hannu biyu take ci, to wa zai riƙe buta? Nan ne za ki ga tsohuwa ta jingine wokar a ɗaki ta fita haka nan. Sanda babu inda ba ta shiga, kuma tsofaffinmu ba sa jin nauyin riƙe ta, don girma ce a wurinsu. Woka kuwa wasu gani suke an mai da su majinyata, su ce "ni ban kai nan ba."

Matsalar sanda ita ce yawanci ba a riƙe ta daidai. Daidai shi ne a riƙe ta a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya. Tunda gwiwar dama ce ke ciwo, hannun hagu za ta sa, sandar da ƙafar dama su tafi tare. Tsawonta kuma, in Hajiya ta miƙe da takalminta ta saki hannu, mariƙin ya tsaya daidai wuyan hannunta. Kwagirin da aka gada a gida ba lallai ya yi daidai da ita ba, gara ta ƙarfe da ake ƙara wa tsawo a rage. A riƙa duba robar gindinta, in ta cinye a kan tayil santsi take. Wajen hawa matakala, ƙafa mai lafiya ce gaba. Wajen sauka, sanda da mai ciwon. Woka kuma kada a jawo ta don a miƙe, kifewa take. A dafa gado ko hannun kujera a tashi, sannan a kama ta.

Ni dai a abin da kika faɗa, sanda zan saya, ragowar kuɗin in kai banɗaki, don a hanyarsa ta faɗi, kuma a jiƙaƙƙen tayil babu wacce za ta cece ta cikin biyun. A kafa ƙarfen dafawa a bango, a ɗaure shi da kyau. A sa mata kujera mai ƙwari ta wanka da alwala. In masai na tsuguno ne, a nemo kujerar nan mai fo a ƙasa, da dare ma a ajiye ta gefen gado. Fitilar caji a hanya saboda ɗauke wuta. Silifas ɗin da ya sha ƙasa a jefar, tabarmar da bakinta ya naɗe a ɗauke, zani kuma a ɗaure shi sama da idon sawu. Tashi daga sujada ma in yana gagarar ta, ki tuna mata hadisin Imrana bin Husaini, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune.

Ki kuma tambaye ta ko santsi ne ya kwashe ta ko jiri. Maganin hawan jini kan sa jiri in an miƙe farat ɗaya, balle da asuba, don haka ta ɗan zauna a bakin gado tukun. Kada ku tsayar da maganin da kanku, a tattara duk abin da take sha a kai wa likita ya gani. A duba mata yanar ido. In kuna Kano, sashen gashin ƙashi na Asibitin Ƙashi na Dala za su auna mata sandar, su koya mata motsa jikin da zai ƙarfafa cinya. In sun ga tangaɗi ne suka ce woka, sai ki auna faɗin ƙofar banɗakin kafin ki biya kuɗi.