Holmes ko Madison: ina iyali zai fi samun rayuwa a Misisipi?

Babbar hanyar I-55 ce ke ratsa gundumomin biyu a jihar Misisipi ta kudancin Amurka, amma zaman cikinsu ya sha bamban.

Madison, mai hedikwata a Canton, tana jikin Jackson, babban birnin jihar. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum 109,145, daga 95,203 a 2010. Akwai masana'antar motoci ta Nissan da aka buɗe a 2003, ga makarantu masu suna, ga asibitoci kusa. Sai dai gida da tsada, kuma arzikin ya fi taruwa a kudancin gundumar, talakan Canton bai cika ganinsa ba.

Holmes kuwa ita ta fi tsaya mini a rai. A 1940 mutanenta sun kusa 40,000, a 2020 saura 17,000. Da injuna suka karɓe aikin tsinkar auduga, dubban baƙaƙen fata suka yi ƙaura zuwa Chicago da sauran biranen arewa. Waɗanda suka rage, mafi yawansu baƙaƙen fata, suna cikin mafiya talauci a Amurka. Gida da fili da araha, aiki ne babu. Duk da haka ba wurin rainawa ba ne: manoman ƙauyen Mileston, baƙaƙen fata masu gonakin kansu, sun tsaya kai da fata wajen neman 'yancin zaɓe, kuma daga nan aka zaɓi Robert Clark zuwa majalisar jihar a 1967, baƙar fata na farko da ya shige ta a ƙarni na 20.

Mai ƙananan yara da ke neman albashi, Madison zan nuna masa. Mai gonar gado a Holmes kuwa, ba zan so ya sayar ba.