Kafin ka sayi gidan zamanin Sarauniya Victoria a Ingila

Gidajen da attajirai da manyan ma'aikata suka gina a unguwannin gefen gari tsakanin 1837 da 1901 suna da shiga rai: ɗakuna masu tsawo, lambu gaba da baya, jan bulo da ya sha shekaru. Amma kafin a kai ga maganar kuɗi, tambayi dillali wace irin kariya doka ta ba gidan, domin ita ce za ta yanke abin da za ka iya taɓawa bayan ka karɓi makulli.

Mafi tsauri shi ne gidan da ke cikin rajistar gine-ginen tarihi da hukumar Historic England ke kula da ita. Matakai uku ne, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 suna mataki na 2, wanda shi ne mafi ƙasa. Kada lambar ta sa ka ɗauka da sauƙi. Kariyar ta haɗa ciki da waje: matakala, murhun ɗumama ɗaki, adon filastan silin, har ƙofofi. Cire ɗaya ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba laifi ne a dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990. Abin da ya fi damuna shi ne gadon ɓarna. Idan mai gidan na baya ya fasa bango ko ya sa tagogin roba babu izini, hukuma na iya tilasta maka mayar da su yadda suke da kuɗin aljihunka, komai daɗewar abin. Don haka lauyanka ya ga takardar izinin kowane gyara kafin ka sa hannu.

Na biyu shi ne gidan da ba ya cikin rajista amma yana unguwar da aka keɓe don adanawa, tsarin da aka fara a 1967. Yawancin gidajen nan ba sa cikin rajista, saboda ana tsananta tacewa ga duk abin da aka gina bayan 1850. Idon hukuma a kan fuskar titi yake: rushewa sai da izini, sare bishiya sai ka ba da sanarwar mako 6, wasu unguwannin ma har sauya taga da ƙofar gaba. Cikin gida kuwa naka ne. Ga mai iyali da ke son faɗaɗa kicin ko ƙara banɗaki, wannan nake zaɓa.

Fasalin ginin ma yana da nasa kuɗin. Masu salon Italiya, irin na Belsize Park a Landan, farin yaɓe ne ya rufe su, kuma yaɓen yana neman fenti a kai a kai. Tsaga kamar zare ta isa ruwa ya shiga baya. Na arewacin Oxford, da aka gina a filin Kwalejin St John's, suna da rufi mai tsini da bulo launi-launi. Kyau kam akwai, sai dai kowace mahaɗar rufi hanyar yoyo ce, ga cin kuɗin ɗumamawa. Na Bedford Park a yammacin Landan, unguwar da Jonathan Carr ya fara a 1875 kuma Richard Norman Shaw ya zana gidaje da yawa a cikinta, sun fi daidai da zaman iyali, amma 356 daga cikinsu sun shiga rajista a 1967.

Duk wanda ka zaɓa, galibi bangonsa bulo ne zalla, an ɗora shi da kwaɓin farar ƙasa don danshi ya riƙa fita. Idan ka ga an cike tsakanin bulo da siminti mai tauri, fuskar bulon tana ɓarewa, to ruwa ya maƙale a ciki. Ɗaga tagar katako ka ji ko igiyar da ke riƙe nauyinta tana nan. A Landan harsashin bai da zurfi, kuma ƙasar yumɓu ce mai tsukewa da rani, saboda haka duba tsaga a saman tagogi, musamman kusa da babbar bishiya. Ka biya a yi maka cikakken bincike mataki na 3 na RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu binciken gine-gine, ka nemi farashin inshora tun kafin ciniki, sannan ka koma gidan ranar da ake ruwan sama ka leƙa ƙarƙashin rufi da tocila.