Zaɓin masu karatu na Goodreads: abin da jerin littattafan matasa yake iya yi da abin da ba ya iyawa

A farkon watan Disamba na kowace shekara shafin Goodreads, inda masu karatu ke ba littattafai taurari da sharhi a intanet, yake bayyana littattafan da masu karatu suka fi kaɗa wa ƙuri'a, kuma rukuni biyu a ciki na matasa ne: ɗaya na ƙagaggun labaran rayuwar yau da kullum, ɗaya kuma na labaran duniyar almara da ƙirƙirar kimiyya. Mun daɗe muna amfani da wannan jeri wajen zaɓa wa 'yan sakandare littattafan Turanci. Hukuncinmu a kansa shi ne, idan ana son sanin abin da ake yayi, babu kamarsa, amma wanda ya ɗauki jerin ya nufi kanti ido rufe, zai dawo da littafin da ko dai ya fi ƙarfin yaron, ko bai dace da shekarunsa ba, ko kuma kashi na uku ne na labarin da ba a ga farkonsa ba.

Goodreads ya fara aiki a 2007, kamfanin Amazon ya saye shi a 2013, gasar kuma ta soma a 2009. Masu shafin ne suke tsamo littattafai 20 a kowane rukuni, bisa yawan waɗanda suka sa littafin a rumbunsu, da yawan taurarin da aka ba shi da sharhin da aka rubuta a kansa. Sai an ga matsakaicin makinsa ya kai 3.5 cikin 5 kafin ya shiga. A tsakiyar Nuwamba ake buɗe zagayen farko, a rage su zuwa 10, a sake kaɗa ƙuri'a, sannan a faɗi wanda ya lashe. Akwai sharaɗin da mutane da yawa ba sa lura da shi: sai littafin da aka buga a Amurka, da Turanci, daga tsakiyar Nuwambar bara zuwa tsakiyar Nuwambar bana. Wato littafin Hausa ba ya shiga komai farin jininsa, haka ma na Turancin da aka buga a Legas ko Abuja idan bai samu mawallafi a Amurka ba. Shekarar masu karatun can ce ake aunawa.

Kaɗa ƙuri'ar ba ta da wuya. Ka buɗe asusu kyauta da adireshin imel, ka shiga shafin gasar, ka danna ƙarƙashin bangon littafin da kake so, shi ke nan. Babu wanda zai tambaye ka ko ka karanta shi, balle sauran sha taran da yake takara da su. Daga nan babbar matsalar ta faro. Mutum ya karanta ɗaya ko biyu cikin ashirin, ko ma bai karanta ko ɗaya ba amma yana son marubuciyar, sai ya dangwala mata. Don haka mai yawan mabiya shi ke cinyewa. Sarah J. Maas ta lashe rukunin almara na matasa shekara huɗu a jere, daga 2015 zuwa 2018. Rebecca Ross ta ci a 2023 da Divine Rivals, ta sake ci a 2024 da ci-gabansa, Ruthless Vows. Ba wai littattafan ba su da daɗi ba ne, sai dai sabon marubuci da littafinsa ya fito a watan Oktoba ba shi da ta cewa a gaban wadda dubban ɗaruruwa suka shekara suna jiran kashi na gaba na labarinta.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci ga iyaye da malamai. Kalmar matasa a harkar littattafan Amurka tana nufin 'yan shekara 12 zuwa 18, kuma tsakanin ɗan 12 da ɗan 18 akwai tafiya mai nisa. Jerin bai raba su ba. Sannan masu ƙuri'ar da yawansu manya ne. Wani bincike da kamfanin Bowker ya fitar a 2012 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan matasa sun kai shekara 18 ko sun haura, kuma mafi yawansu don kansu suke saye. Abin da mace 'yar shekara 30 take nema a labarin soyayya daban yake da abin da za ka miƙa wa yarinyar da ke JSS 2. Misali mafi bayyana shi ne A Court of Mist and Fury na Sarah J. Maas, wanda ya lashe rukunin matasa a 2016 alhali yana ɗauke da bayanin kwanciyar mace da namiji ɓaro-ɓaro. Daga baya mawallafan sun sake fitar da jerin littattafan da sabon bango a matsayin na manya, amma sunansa na nan daram a cikin gwarazan rukunin matasa na waccan shekara. Malamin da ya ga tambarin gasar ya saya wa laburaren makaranta, ranar da wata uwa ta buɗe tsakiyarsa zai sha tambayoyi.

A 2023 kuma masu shafin suka cire rukunin littattafan yara da na 'yan shekara 8 zuwa 12, suka ƙara wani sabo na soyayyar almara. Wannan ya ɗan rage cunkoson littattafan manya a rukunin matasa, amma ya bar masu nema wa 'yan aji shida da JSS 1 ba su da inda za su duba.

To ina amfaninsa? Yana da shi, kuma ba kaɗan ba. Littafin da dubban mutane suka bi ta kansa har ya kai goman ƙarshe, kusan kullum yana da jan hankali tun daga shafin farko, kuma wannan shi ne abin da ake buƙata ga yaron da bai saba zama da littafi ba. Akan dace kuma da masu nauyi. The Hate U Give na Angie Thomas, wanda ya ci a 2017, labarin yarinya ce 'yar shekara 16 da ɗan sanda ya harbe abokinta a gabanta, kuma 'yan SS 2 da SS 3 sukan yi muhawara mai zafi a kansa, ko da yake akwai ashar a bakin jaruman. A 2018 Tomi Adeyemi, Ba'amurkiya 'yar asalin Najeriya, ta lashe rukunin sabon marubuci da Children of Blood and Bone, wanda aka gina a kan tatsuniyoyi da abubuwan bautar gargajiya na Yarabawa. Yara suna son sa saboda sunaye da wuraren da suka yi kama da na gida, amma ya haura shafi 500, kuma gara uba ya san tsafi da sihiri ne ƙashin bayan labarin kafin ya biya kuɗi.

Hanyar da muka ga tana aiki ita ce a ƙyale wanda ya zo na ɗaya tukuna, a buɗe duka 20 ɗin na kowane rukuni. Abin da za a fara dubawa yana saman sunan littafin: idan an rubuta sunan jeri da lamba 2 ko 3 ko 5, to ci-gaba ne, a ajiye shi gefe, sai dai idan an shirya sayen na farko. Wannan kaɗai yakan zubar da kaso mai tsoka na rukunin almara. Ko da lamba 1 ce ma, a sani cewa irin waɗannan sukan tsaya a daidai inda labari ya yi daɗi, kuma yaron zai dawo yana neman na biyu, wanda wataƙila sai baɗi zai fito.

Daga nan sai taurari. Kada a tsaya a matsakaicin maki, domin 4.3 na littafin da masoya marubuciya suka yi wa rubdugu ba ya nufin ya fi mai 3.9. Shafin yana barin mutane su ba da tauraro tun kafin littafi ya fito kasuwa, don haka akwai biyar-biyar na zumuɗi, akwai kuma ɗaya-ɗaya na 'yan adawa da suka haɗa baki. A gangara ƙasa inda aka jera layuka biyar na taurari, a danna layin tauraro 3, a karanta sharhi huɗu ko biyar, sannan a yi haka a layin tauraro 2. A nan ake samun waɗanda suka karanta har ƙarshe suka kuma faɗi abin da ya dame su: tsakiya ta yi jan jiki, jaruma ba ta da wayo, ƙarshen an yi shi a gurguje. Masu tauraro 5 galibi hotuna masu motsi ne da ihun murna, kuma su ne ke cinye data idan ana dubawa a waya.

A wurin sharhin akwai ɗan akwatin bincike da mutane ba su cika amfani da shi ba, kuma shi ne ya fi komai amfani a shafin. A rubuta "spicy" ko "spice", kalmar da masu karatun can suke nufin zafin batsa da ita, wasu har maki suke ba ta da hoton barkono. A rubuta "content warning" ko "trigger", za a ga waɗanda suka lissafa abin da ke ciki: fyaɗe, kashe kai, shaye-shaye, soyayyar jinsi ɗaya, zubar da jini. Idan an ga ana yawan kiran littafin "new adult", to na 'yan jami'a ne. Minti biyar ya isa a yi wa littafi ɗaya wannan tankaɗe. Shekarun jaruma ma manuniya ce. Idan 15 ce ko 16, yawanci labarin bai yi nisa ba, idan kuwa 18 ce ko 19 sai a ƙara sa ido. Firekeeper's Daughter na Angeline Boulley, gwarzon 2021, littafi ne mai kyau ƙwarai a kan wata budurwa 'yar ƙabilar Ojibwe, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, da safarar ƙwaya a yankinsu, amma jarumar shekararta 18 kuma akwai fyaɗe a ciki. Na 'yan ajin ƙarshe ne.

Goodreads ba ya faɗin shekarun da suka dace da littafi, wannan gibi ne babba. Sai an leƙa shafin littafin a Amazon, inda mawallafi yakan rubuta daga shekara 12 ko daga 14, ko kuma shafin Common Sense Media, wanda ke fayyace yawan ashar da tashin hankali da batsa ɗaya bayan ɗaya. A tuna da ma'aunin iyayen Amurka aka yi shi, abin da suka ce ya dace da ɗan 13, a gidajenmu da yawa sai a ƙara masa shekara biyu ko uku.

Saura ƙarfin Turancin. Littattafan nan an rubuta su ne don yaran da Turanci ne harshen gidansu, cike da salon maganar makarantun can. Manhajar Kindle ta Amazon, ta karanta littafi a waya, tana ba da samfurin farkon littafi kyauta, wajen kashi ɗaya cikin goma. A sauke shi, a ba yaron shafi guda ya karanta, duk kalmar da bai sani ba ya lanƙwasa yatsa. Idan yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin zai kwana a ƙarƙashin katifa. Na almara sun fi ba da wahala, domin babi ukun farko cike suke da sunayen masarautu da na dodanni da marubuci ya ƙirƙiro, waɗanda babu su a ƙamus. Ga mai fara karatu, labarin rayuwar yau da kullum mai shafi 300 zuwa 350, wanda jaruma ke ba da shi da bakinta, ya fi saurin shiga.

Wata dabara da ke rage kasada ita ce a haɗa jerin da na lambar yabo ta Printz, wadda ƙungiyar laburarorin Amurka take bayarwa tun 2000, yawanci a watan Janairu. Ita kwamitin ma'aikatan laburare ne ke zaɓe, bayan sun karanta. Littafin da ya fito a duka biyun ya samu yardar jama'a da ta masana ke nan. Na Boulley ya lashe ta a 2022, na Angie Thomas kuma ya samu yabon girmamawa a 2018. Ita ma Printz ingancin rubutu take dubawa, ba ruwanta da tarbiyya, don haka tankaɗen nan na sama yana nan.

Batun kuɗi kuwa, jerin bana shi ne mafi tsada. Sabon littafi a Amurka da bango mai tauri yake fara fitowa, sai bayan kamar shekara guda ake fitar da mai bango mai laushi, wanda ya fi araha ya kuma fi sauƙin nauyi wajen aikowa. Shafin yana ajiye sakamakon duk shekarun baya, kuma a nan ribar take: jerin shekara biyu ko uku da suka wuce an riga an buga su da araha, ci-gabansu ya kammala, sharhin zumuɗi ya lafa, wasu har sun iso hannun masu sayar da gwanjon littattafai. Sai dai farin jini yana jawo 'yan jabu. Kwafin sata ana gane shi da rubutu mai dishi-dishi, takarda mai shara-shara da ake hango bayanta, da gam ɗin da ke sakin shafuka tun a karatun farko. Kafin a biya, a buɗe tsakiya a bi lambobin shafi goma a jere, a kuma duba shafin ƙarshe a gwada da adadin da Goodreads ya rubuta wa wannan bugun.

Idan maki za mu ba shi da nasa ma'aunin, tauraro 4 ne ga babban da ke nema wa kansa abin karantawa a hutu, 2 ga malami ko uban da zai saya ba tare da ya bincika ba. Manhajar wayar tana da nauyi, mun fi samun sauƙin tace sharhi a kan kwamfuta. Shafin yana karɓar masu shekara 13 zuwa sama, amma sharhin da ke cikinsa ba a tace shi ba, wani ma ya fi littafin da ake magana a kai rashin kunya, don haka babba ya kamata ya yi binciken, ya miƙa wa yaron sunaye uku ko huɗu ya zaɓi ɗaya.